Muhawara: Yaya za mu yi da ra'ayoyin jama'a a kan daftarin ƙa'idar manazarta?

Malam Sanusi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa editocin Wikipedia ta Hausa na jihar Kebbi. Wa'adin mako biyu da muka ɗiba domin jin ra'ayin jama'a a kan daftarin ƙa'idar manazarta zai cika ranar Juma'a, kuma ina ganin bai kamata mu gabatar da shi ga sauran editocin Wikipedia ta Hausa ba sai mun daidaita a kan yadda za mu yi da abin da mutane suka faɗa. Domin tunatarwa, daftarin ya ƙunshi abu biyu. Na farko, duk maƙalar da aka rubuta a kan gari, ko sarauta, ko mutum mai rai, sai ta zo da madogara biyu da aka wallafa, waɗanda ba daga bakin mai abin suka fito ba. Na biyu, maƙalar da aka fassara da na'ura aka ɗora ba tare da an gyara Hausarta ba, za a mayar da ita shafin gwajin mai ita, wato inda edita ke ajiye rubutun da bai kammala ba, har sai ya gyara.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a shafin tattaunawa na daftarin mutane ƙalilan ne suka rubuta wani abu, kuma kusan dukansu goyon baya suka bayar, alhali a zaurenmu na WhatsApp ƙorafi ya yi yawa, wasu a rubuce, wasu da saƙon murya, wasu ma a waya suka kira ni. Wanda ya dubi shafin kaɗai zai ce an amince, wanda ya shiga zauren kuwa zai ce an ƙi. Ina neman shawararku.

Nasiru, Jega

Wa alaikumus salam. Malam, a ganina amsar a fili take: abin da aka rubuta a shafin tattaunawa shi ne ra'ayi, sauran duk hira ce. Shafin yana da tarihi, kowa yana iya ganin wanda ya faɗi magana da ranar da ya faɗe ta, kuma bayan shekara goma wanda ya zo zai tarar da ita yadda aka bar ta. Saƙon WhatsApp kuwa da an sauya waya ya tafi, kuma editan da ke Damagaram ko Kano ko Kumasi ba ya cikin zaurenmu, bai san an yi ba. Idan muka yanke hukunci da abin da aka faɗa a inda ba kowa ke iya shiga ba, mun buɗe ƙofar da gobe wani zai ce mutane da yawa sun gaya masa a asirce, kuma babu mai iya ƙaryata shi. An sanar da wa'adi, an ba da mahaɗin shafin. Wanda yake da ja ya je can ya rubuta.

Malama Hauwa'u, Argungu

Ƙanena Nasiru, hujjarka game da tarihin shafi tana da ƙarfi, kuma ban ƙi ta ba. Amma ina so ka dubi su wane ne suka yi ƙorafin a zaure. Mafi yawansu matasa ne da ke rubutu da wayar hannu, waɗanda suka koyi ƙirƙirar maƙala a taron horarwa amma ba wanda ya taɓa nuna masu cewa bayan kowace maƙala akwai wani shafi da ake muhawara a kansa. Wata ɗalibata da ta rubuta maƙala a kan unguwarsu ta nuna mini wayarta: ta buɗe mahaɗin da aka turo, ta ga sunayen manya a jere, kowanne da sa hannunsa da kwanan wata, kowanne ya rubuta "na goyi baya", sai ta rufe shafin ta koma zaure ta yi saƙon murya, ta fara da ba da haƙuri kafin ta faɗi abin da ke ranta. Abin da ta faɗa kuwa ba shirme ba ne, domin tambaya ta yi: idan madogara ɗaya tak ta samu, kuma ingantacciya ce, shin goge maƙalar za a yi?

Mu mun san tarbiyyar da muka taso a ciki. Yarinya 'yar shekara ashirin ba za ta rubuta "ban yarda ba" a ƙarƙashin sunan malamin da ya koyar da ita ba, ga sunanta a fili, a wurin da ba ya gogewa. Saboda haka shirun da muka gani a shafin ba lalle ba ne yarda ce, wani kunya ce, wani rashin sanin hanya ne, wani kuma ƙarewar data ce. Shawarata ita ce a nemi izinin duk wanda ya yi magana a zaure, a kwashe maganarsa a rubuce a kai shafin tattaunawa, domin ta samu irin tarihin da Nasiru yake magana a kai.

Alhaji Umaru, Gwandu

Ina gaishe ku baki ɗaya. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in ja hankalinku zuwa ga yadda Gidauniyar Wikimedia, wadda ke ɗaukar nauyin Wikipedia, da kanta ta sha fama da wannan al'amari, domin ba a kanmu aka fara ba.

A ƙarshen shekarar 2020 kwamitin amintattun Gidauniyar ya amince da ƙa'idar ɗa'a ta bai ɗaya, wadda ta hau kan dukkan harsuna, har da namu. Daga baya aka tsara jagorar yadda za a zartar da ita, aka sa ta a ƙuri'a a watan Maris na 2022. Sama da mutum dubu biyu suka kaɗa ƙuri'a, kuma kimanin kashi 58 cikin ɗari suka amince. A lissafin zaɓe, wannan rinjaye ne, kuma da sun ga dama da sun ce magana ta ƙare. Amma takardar ƙuri'ar tana da gurbin da mutum zai rubuta dalilinsa, kuma da aka zauna aka karanta dalilan waɗanda suka ƙi, sai aka ga suna taruwa a wurare 'yan kaɗan: batun tilasta wa masu gudanarwa (editocin da aka ba ikon goge shafi ko kulle shi) horo, batun sa mutane su furta cewa sun yi mubaya'a ga ƙa'idar, batun yadda za a daidaita tsakanin sirrin mai ƙara da haƙƙin wanda ake ƙara na a saurare shi, da kuma nauyin Turancin da aka rubuta jagorar da shi, wanda ya sa fassara ta yi wuya. Sai aka kafa kwamitin gyara, aka sake rubuta waɗannan sassa, aka maimaita ƙuri'a a watan Janairu na 2023, inda masu amincewa suka kai kashi 76 cikin ɗari. Kusan shekara guda aka ƙara, amma abin da aka samu ya fi na farko karɓuwa nesa ba kusa ba.

Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a watan Agusta na 2014, lokacin da editocin Wikipedia ta Jamusanci suka yanke shawarar kada a sa masu sabuwar manhajar buɗe hotuna a matsayin ta dindindin, Gidauniyar kuwa ta ƙirƙiro wani makulli na musamman ta kulle shafin da za su yi gyaran, yadda ko masu gudanarwarsu ba su iya taɓa shi. Ɗaruruwan editoci daga harsuna daban-daban suka sa hannu a wasiƙar ƙin amincewa, kuma sai a watan Nuwamba na 2015 aka soke irin wannan makullin baki ɗaya. Manhajar tana nan har yau ana amfani da ita, wato ba ita ce ainihin abin da ya ɓata wa mutane rai ba. Abin da ya ƙona masu rai shi ne an tambaye su, sun amsa, sannan aka nuna masu amsar ba ta da wani tasiri.

Abin da na fahimta daga waɗannan biyu shi ne, mutum yana iya haƙura da ƙa'idar da ba ya so idan ya ga an rubuta ƙorafinsa an kuma ba shi amsa, amma ba ya mantawa idan aka nemi ra'ayinsa aka watsar. Don haka tambayar da ke gabanmu ba ta tsaya a kan inda aka faɗi magana ba. Sai mun tanadi abin da za mu nuna wa kowane mai ƙorafi mu ce masa ga maganarka, ga abin da aka yi da ita.

Malam Danladi, Zuru

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ina so in ɗora a kan maganarka ta ƙarshe, domin na saurari saƙonnin zauren ɗaya bayan ɗaya, kuma na lura ba iri ɗaya ba ne, ko da yake duk muna kiran su ƙorafi.

Akwai waɗanda ba su fahimci daftarin ba ne kawai, kamar masu zaton za a bi tsofaffin maƙaloli a goge su a dare ɗaya. Waɗannan bayani suke buƙata, kuma yawansu ma shaida ce cewa lafazin daftarin bai fito sarai ba. Akwai kuma waɗanda suke neman abin da ba ya hannunmu. Wani ɗan'uwa ya nemi a yarda da abin da dattijon fada ya faɗa masa baki da baki a matsayin madogara. Na san zafin da yake ji, domin tarihin sarautu da yawa a ƙasarmu a bakin maroƙa da 'yan fada yake, amma sharaɗin cewa mai karatu ya iya bin madogara ya tabbatar da ita yana cikin tushen Wikipedia, kuma ba editocin Kebbi ne za su sauya shi ba. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu gaya masa haka a fili, mu kuma nuna masa hanya: idan gidan rediyo ya yi hira da dattijon ya watsa, ko jarida ta buga, ko wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya rubuta kundin digiri na uku a kai, to an samu abin kafa hujja.

Kashi na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma mutum biyu ko uku ne kawai suka tayar da shi, saboda haka idan ƙirga kawuna za a yi, ɓacewa zai yi. Sharaɗin madogara biyu ba zai faɗa wa kowa daidai ba. Mai rubutu a kan bikin kamun kifi na Argungu, wanda hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, zai samu madogara hamsin kafin ya sha shayi, haka ma mai rubutu a kan Malam Abdullahin Gwandu ko Kanta da birnin Surame. Amma mai rubutu a kan wani ƙauye a ƙasar Zuru, ko wani tsibiri a ƙasar Yauri, ko wani sashe na bikin Uhola na mutanen Zuru, sau da yawa abu ɗaya zai samu a rubuce, shi ma da ƙyar. Jihar nan tana da masarautu huɗu da ƙananan hukumomi 21, kuma rubutun da aka yi a kansu bai rabu daidai ba. Idan muka zartar da ƙa'idar yadda take, wuraren da aka fi mantawa da su a takarda su ne za a sake mantawa da su a intanet. Wannan hujja ce, kuma ko mutum ɗaya ne ya kawo ta, sai an amsa ta.

Nasiru, Jega

Malam Danladi, na karɓi batun ƙauyuka, kuma ina ganin ana iya raba sharaɗin: madogara biyu ga mutum mai rai, saboda mutuncinsa ne a ciki, ɗaya ingantacciya ga gari ko ƙauye. Amma ina nan a kan bakata game da zaure, kuma ga dalili. Ranar da aka fara maganar fassarar na'ura, cikin sa'o'i kaɗan lambobin da ban taɓa gani ba suka shigo suna maimaita jimla ɗaya, cewa ana so a kashe wa matasa gwiwa. Na duba sunayen da wasu suka bayar, na ga ba su taɓa gyara ko wasali ɗaya ba. Gayyato su aka yi. Kuma kowa ya san lokacin gasa, inda ake ba da kyauta ga wanda ya fi yawan maƙaloli, shi ne lokacin da ake juye Turanci cikin na'ura a kwaso abin da ya fito a ɗora, Hausar da ko mai ita ba zai iya karanta ta a gaban jama'a ba.

A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke wanda bai iya harshen Sikots na ƙasar Scotland ba shi ne ya rubuta dubban maƙalolin Wikipedia ta harshen, shekara da shekaru ba wanda ya taka masa birki, har masu harshen suka riƙa ganin shafin abin dariya ne. Ba na fatan Hausa ta kai nan. Idan za mu auna ra'ayi da ƙarfin hayaniya, masu cin moriyar ɓarnar su ne za su riƙa rinjaye kullum.

Malama Hauwa'u, Argungu

Ai shawarar da na bayar ita ce maganin abin da kake tsoro. Idan aka kwashe maganganun aka jera su bisa hujja, mutum ashirin da suka maimaita jimla ɗaya layi ɗaya za su samu, amsa ɗaya za a ba su. Wikipedia da ma ba ta ɗauki muhawara a matsayin zaɓe ba, nauyin dalili ake dubawa. Sai dai kada mu yi saurin jefar da jimlar tasu don an maimaita ta, domin a ƙarƙashinta akwai tambaya ta gaskiya: wa zai taimaka wa sabon edita ya gyara Hausar bayan an mayar masa da maƙalar, kuma kwana nawa za a ba shi? Daftarin bai ce komai a kan wannan ba.

Aminu, Kamba

Ina neman izinin manya in ƙara abu biyu. Mu da ke bakin iyaka muna hulɗa da editocin Nijar, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗanda na tambaya da ya ji labarin daftarin nan. Su madogararsu galibi da Faransanci take, rubutunsu ma ya ɗan bambanta da namu, misali suna rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y, kuma idan ƙa'ida ta ce a gyara Hausa ba ta fayyace wace Hausa ba, gobe wani zai mayar da maƙalar mutumin Dosso ko Maraɗi shafin gwaji don kawai ba ta yi masa kama da Kananci ba. Mu kanmu Kabawa mun san yadda ake yi wa "mi" da "ɗiya" jan layi. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, don haka a aika masu da sanarwa kafin a rufe.

Abu na biyu shi ne wa'adin. Mako biyu ya yi kaɗan. A Wikipedia ta Turanci, inda mutane ke kan kwamfuta dare da rana, neman ra'ayi irin wannan yakan ɗauki kwana talatin.

Hajiya Balkisu, Gusau

Ko da yake ni baƙuwarku ce daga Zamfara, ina goyon bayan Aminu a kan wa'adi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jiharmu baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet, kuma wasu ƙananan hukumomin sun daɗe fiye da Gusau kafin a buɗe masu. Da a ce an gabatar da wata ƙa'ida a lokacin aka ba da mako biyu, da an rubuta cewa editocin Zamfara ba su da ja. Har yanzu akwai garuruwan da sai mutum ya shigo birni yake ganin saƙonninsa. Ina roƙon a sa a cikin tsarin cewa duk wanda ya zo da sabuwar hujja bayan an rufe, ba za a ce masa ya makara ba, za a ajiye ta zuwa ranar bita.

Alhaji Umaru, Gwandu

Hajiya ta kawo abin da nake shirin faɗa, wato ranar bita. A zartar da ƙa'idar a matsayin gwaji na wata shida, a rubuta ranar da za a dawo a duba ta tun yanzu, kuma kada ta hau kan tsofaffin maƙaloli da gogewa, a sa masu alamar neman madogara kawai. Mai adawa yakan sassauta idan ya san ƙofa ba a rufe take har abada ba.

Sannan akwai maganar da ba wanda ya taɓa, wataƙila don nauyin Malam Sanusi, ni kuwa shekaruna sun ba ni damar faɗin ta. Malam, kai ka rubuta daftarin, saboda haka bai dace kai ne za ka tace ƙorafin da aka yi a kansa ba, balle ka rufe muhawarar. Ba zargin ka nake yi ba, amma ko ka yi adalci, wanda aka ƙi maganarsa ba zai ga adalcin ba. A samu mutum biyu su tsara jadawalin ƙorafe-ƙorafe, ɗaya daga masu goyon baya, ɗaya daga masu ja, kowane ƙorafi a rubuta a gabansa ko an karɓa an gyara daftarin, ko an ƙi tare da dalili, ko kuma ya fi ƙarfinmu. Rufewa kuma a roƙi wani mai gudanarwa daga wajen jihar nan wanda bai sa baki a muhawarar ba.

Malam Sanusi, Birnin Kebbi

Baba Alhaji, na ji kuma na amince, zan tsaya a matsayin mai amsa tambaya a kan abin da daftarin yake nufi. Ga abin da na ga an haɗu a kai, a gyara mini idan na kauce: za a ƙara wa'adi ya cika kwana talatin, Aminu zai isar da sanarwa ga 'yan'uwanmu na Nijar, za a raba sharaɗin madogara tsakanin mutane masu rai da garuruwa kamar yadda Nasiru ya kawo, kuma za a ƙara sakin layi a kan wanda zai taimaka wa sabon edita da tsawon lokacin da za a ba shi. Ina ba da shawarar Malama Hauwa'u da Nasiru su riƙe jadawalin, tunda su ne suka fi nisa da juna a ra'ayi. Abin da ban ga an daidaita ba shi ne wanda ya yarda a kai maganarsa shafin amma bai yarda a sa sunansa ba.

Nasiru, Jega

Na karɓi aikin. Game da marasa suna, matsayina shi ne a shigar da hujjarsu cikin jadawali a amsa ta kamar ta kowa, amma idan aka zo auna yawan masu goyon baya da masu adawa, wanda ya sa hannu da asusunsa a shafin kaɗai za a lissafa. Saƙon murya kuma sai mai shi ya ga abin da aka rubuta daga bakinsa ya ce haka ya faɗa, kafin a ɗora.

Malama Hauwa'u, Argungu

Sharaɗin tabbatar da saƙon murya ya yi daidai, kuma ni zan ɗauki nauyin rubuta su in mayar wa masu su. A kan lissafi kuwa ban gamsu ba tukuna, domin waɗanda kunya ta hana su sa suna su ne dai za a sake bari a baya, amma ba zan riƙe aikin saboda wannan ba. A rubuta saɓanin namu a matsayin layi na farko a jadawalin, a bar wa mai rufewa ya duba. Nasiru, ka buɗe shafin jadawalin yau da dare ka turo mini mahaɗin, ni kuma zan fara da saƙonnin da suka shafi ƙauyuka, tunda Malam Danladi ya riga ya ware su.